Danshin Tawa a Tsakiyar Bazara

Na'urar ordinatar, wato kwamfuta, ta ɗan bironmu, ofis mai ɗaki biyu, ta daina amsa yatsa ran wata Laraba, tsakiyar bazara, a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in. Ba mutuwa ta yi ba. Da ta mutu da mun huta. An kunna ta, ta yi ɗan tsakinta na safe, gilashin ya yi haske, ƴan hotunan nan suka jeru kamar ƴan makaranta gaban tuta. Amma ka danna harafi, shiru. Ka danna wani, shiru. Ɗan baƙin faifan da ke ƙasan haruffa, wanda ake shafawa da yatsa don kibiya ta yi yawo a gilashi, shi ma ka shafa har yatsanka ya ɗauki zafi, kibiya na nan tsaye tana kallonka. A shekarun nan kowa yajin aiki yake yi, malamai da ɗalibai da ƴan asibiti, don haka ban yi mamaki ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ita ba ta ba da sanarwa ba.

Ni malamin Faransanci ne a kolej, Bagobiri, aiki ya kawo ni Tawa. A shekarar, kwanakin da makaranta ta yi a rufe sun fi waɗanda ta yi a buɗe, sai na samu na raɓa da wani ƙaramin furoje, wato shirin raya karkara, na rijiyoyi da rumbunan tsimi, mai aiki a ƙauyukan Barmu da Kalfu da Takanamat. Aikina gyaran rahoto: a kawo mini "rijiya ta rufta", in mai da ita shafi huɗu. Ba ni da takardar ɗauka, da yardar direkta kawai nake zaune a kujerar. Na kuma taɓa yin kwana uku a Yamai ana koya mana ordinatar, aji guda a kan na'ura biyu, har na samu na taɓa ɗaya sau biyu. Wannan ne ya mai da ni masanin biro, ni kuma ban musa ba.

Na'urar irin mai ninkewa ce, kamar babban littafi. Wata Baturiya da ta yi aiki da furojen ce ta bar mana ita ranar da za ta koma ƙasarsu, ta damƙa ta hannun direkta. Direkta mutum ne mai tsabta da son tsari, ko alƙalami ya ajiye sai ya daidaita shi da gefen tebur. Tun daga ranar ba mai ɗaukar ta sai shi. Da safe ya zo da ita a jaka, in an tashi ya koma da ita gida, wai don tsaro.

Wanda ya taɓa ta na ƙarshe ran Talata shi ne dakitilo, mai buga mana takardu, tsoho mutumin Barmu da duk muke kira Baba. Ya fi shekara ashirin yana dukan injin bugu na ƙarfe. Ya buga wa soja, ya buga wa farar hula, ya sake buga wa soja, bai taɓa tambayar kowa ra'ayinsa ba, ba kuma wanda ya tambayi nasa. Yatsunsa sun yi kanta, in yana aiki ana jin sa daga bakin titi. Direkta ne ya matsa masa sai ya koyi ordinatar, shi kuma ya koya, amma da ƙarfin da ya saba, kamar mai sussukar gero. Ƙaramin ma'aikaci ne, irin wanda takarda mai layi shida ta isa ta mai da shi gida, a gidan kuma akwai bakuna da yawa da ba su da abin dogaro sai yatsun nan.

Direkta ya sunkuya a kan na'urar, ya danna, ya sake dannawa, sannan ya juya.

"Baba, sau nawa na hwaɗa maka? Wagga ba turmi ba ce."

"Mushe Direkta, jiya lahiya lau na ruhe ta."

"Lahiya lau! Kai ko gida ka ƙwanƙwasa sai mai shi ya sake ƙyaure."

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Direkta ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ne kay yi karatun abin. Duba muna." Mushe dai shi ne abin da ake kiran kowane malamin makaranta, ko yana koyarwa ko yana yaji.

Na nannaɗe hannun riga. Da farko na danne maɓallin kunnawa har ta ɗauke, na ƙirga goma, na sake kunnawa. Shiru. Na zare wayar wuta, na kife ta na cire batir, na bar ta ta huta kamar minti biyar, ina kallon rufi don a ga ina tunani. Na mayar da komai wurinsa. Shiru. Iyakar ilimin kwana ukun Yamai ke nan, duk abin da ya biyo baya na ƙashin kaina ne.

Na tuna an ce akwai maɓallan da in an danna su tare suke kulle sauran, sai na bi su biyu-biyu, na sama da na ƙasa, na dama da na hagu. Littafin da ya zo da na'urar da harshen Baturiyar aka rubuta shi, ba Faransanci ba ne ba Ingilishi ba, amma na juya shafunansa cikin natsuwa. Na kife ta na girgiza a kan farar takarda, rairayi ya zubo, da ɓawon gyaɗa. Na aro famfon keke wajen mai gadi na hura tsakanin haruffa. Wai zamanin dimokuraɗiyya ne, kowa na da haƙƙin faɗin ra'ayinsa, har direbanmu mutumin Takanamat ya leƙo ta taga ya ce a ƙyale ta kwana uku, shi haka yake yi wa raƙumi in ya ƙi tashi. Na'urar ta yi tsaf dai, ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba, amma ba ta amsa ba.

Can da la'asar na lura da abu ɗaya. In an kunna ta, kafin hotuna su fito, akwai ɗan rubutu da ke wucewa a baƙin gilashi, yana cewa a danna maɓalli kaza in ana son shiga saitinta. Na kashe na kunna sau uku ina dannawa, ba ta ji ba. Ke nan tun kafin ta gama farkawa ba ta jin yatsa: ciwon ba a tunaninta yake ba, a jikinta yake. Na yi wa direkta wannan bayani da Faransanci mai kyau. Ya gyaɗa kai, ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan tun safe.

Ran Alhamis na hau mobilet, ɗan babur ɗina, na tafi wani biro a ɗaya gefen gari, inda suke da babbar ordinatar ta kan tebur. Na roƙi allon haruffansu mai waya, da ɓeran da ake turawa da hannu. Suka ba ni bisa sharaɗin in dawo da su kafin azahar, bayan na yi rantsuwa fiye da wadda ake yi gaban alƙali. Na goyo allon a baya da rawani. Na soka wayoyin a bayan na'urarmu, na kunna, na danna, sai ga harafi ya fito. Na tura ɓera, kibiya ta ruga a guje. Na ji daɗi ƙwarai, har na dubi Baba ina murmushi, ina zaton na cece shi.

"Madalla!" in ji direkta. "Ka ga cikinta lahiya lau. Baƙaƙenta ne anka karya. To wa ka dukan baƙaƙe cikin biron ga?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Kwana ɗaya da rabi ina zufa, ashe mai ƙara nake tara wa hujja.

Na ce to faifan fa? Kowa ya san Baba bai taɓa sa masa yatsa ba. Raina shi yake yi, yana cewa shi ba ya aiki da abin da sai an lallashe shi, in kibiya yake so ta matsa ni yake kira in tura masa. In yatsunsa ne suka karya haruffa, wa ya karya faifai?

"Girgiza ce," in ji direkta. "In ana daka tsakar gida, tulun da ke ɗaka ma shina iya tsagewa."

Na mayar da kayan aro kafin azahar kamar yadda na rantse. Da na dawo na tarar direkta a tsaye, hannu a baya, yana shifta, Baba yana bugawa a tsohon injinsa. Takardar sallama ce. Injin da ke fitar da takarda daga ordinatar tawadarsa ta ƙare tun kafin azumi, don haka duk wata takarda mai hatimi Baba ke buga ta, har da wannan. Ya sa karbon biyu, ya daidaita gefe. Ina shiga na ji yana tambaya:

"Mushe Direkta, sakaci za a sa ko ganganci?"

Direkta ya yi ɗan tunani ya ce sakaci.

"Na gode," in ji Baba, ya ci gaba.

Na karanta ta daga baya, ba kuskure ko ɗaya. Ya bar gurbin kwanan wata, don direkta ya ce sai Litinin zai sa hannu, ba ya son yanke wa mutum abinci a jajibirin Juma'a. Na roƙi a ba ni na'urar washegari in kai a buɗe ta. Direkta ya yi jinkiri, sannan ya ce in kula kada rana ta taɓa ta, in kuma kawo masa ita gida Asabar da safe.

Akwai wani Bazabarme mai gyaran rediyo a kasuwa, rumfarsa cike da gawarwakin rediyo da kaset. Tsakanin Gobir da Zabarma akwai wasa, don haka shekara biyar yana gyara mini rediyo yana zagina.

"A'a, bawana ne da kayan Nasara! Ina ka sato?"

"Kai dai buɗe, in ka iya. Ba rediyon kakarka ba ce."

"Ba a taɓa kawo min irinta ba," in ji shi, yana juya ta, "amma na ga da turnabis aka ɗaure ta, ni kuma ina da turnabis."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko turnabis ɗin, abin kwance kusoshi, yana jera ƴan kusoshin a kai yadda ya ciro su. Ya ɗaga allon haruffa a hankali da bakin wuƙa. A ƙasa akwai wasu ƴan ɗamara biyu siraru, ɗaya ta taho daga haruffa, ɗaya daga faifai, kowacce ta shiga ɗan bakinta a cikin na'ura. Bakunan biyu sun yi kore shar da fari-fari, kamar tsohuwar munduwar tagulla da aka tono a kufai. Ya kai hanci ya sunsuna, ya miƙo mini. Warin ɗakin da damina ta kwana a ciki.

"Wannan ruwa ne," in ji shi.

"An ce duka ne."

"Duka? Nuna min abin da ya karye, ko ɗaya. Duka ba ya sa abu ya yi kore, Bagobiri, da yana sawa da yaran ajinka duk sun zama ganye."

Na ce ko shayi ne ya zube. Ya ce shayi na barin danƙo, kuma da kiyashi sun riga mu zuwa. Ruwan da ya zube sau ɗaya shi ma yana barin shaida, ana ganin inda ya tsaya.

"Wannan ba zubewa ba ce. Kullum take shaƙar danshi, kaɗan-kaɗan. Ina kuke kwantar da ita, cikin rijiya?"

A Tawa, a watan da in ka shanya riga kafin ka juya baya ta bushe.

Ya wanke bakunan da alkol irin na wankin rauni da tsohon buroshin haƙori, ya bar ta a buɗe cikin inuwa, muka tafi masallaci. Bayan an sauko ya mayar da ɗamarun, ya ɗaure, muka kunna. Haruffa suka dawo, dukansu. Faifai bai dawo ba, tsatsa ta riga ta cinye ɗamararsa.

"Wannan sai a lahira," in ji shi. "Ku nemi ɓera. Ka kuma gai da mai rijiyar."

Asabar da hantsi na kai ta gidan direkta. Ya tarbe ni a zaure, ya buɗe ta ya danna haruffa ya ga suna fita, fuskarsa ta washe. Ya sa mini albarka, amma ya ce wannan bai sake komai ba game da Baba, don an gyara ba shi ne ba a ɓata ba. Sannan ya ninke ta ya rungume.

"Bari in kai ta wurinta, ta sha rana bisa hanya. Taho ka gani, kai ma ka koya."

Na bi shi. A bayan ɗakinsa akwai ƴar rumfa inda randunan ruwa suke, a kan jiƙaƙƙen rairayi. Tsakanin randa biyu ya gitta ɗan katako. Ya ɗauko buhun algarara ya tsoma a bokiti, ya matse da kyau, ya naɗe na'urar da shi ninki biyu, ya ɗora a katako. Ya ɗauki buta ya ƙara yayyafawa da yatsunsa, a hankali, kamar mai ba sabon dashe ruwa.

"Baturiyar nan abu guda tac ce min," in ji shi. "Zahi shi ne abokin gabanta. To mu nan wane kilim mai sanyaya ɗaki gare mu? Wutar ma sai ta ga dama. Haka tsohona ka aje goro, shi kai wata shina ɗanye. Tun da zahi yas shigo, da marece in jiƙa, da asuba in ƙara. Ranakun hutu sau ukku. Taɓa ka ji."

Na taɓa. Wallahi sanyi ƙalau. Da ni aka naɗe haka da na ƙara shekara goma a duniya.

"Ba ka sa ta leda tukuna, ranka shi daɗe?"

"Leda? Ka so ta yi gumi? Bari ta sha iska."

Na karanta littattafai da dama a kan mutanen da suka faɗa wa manya gaskiya, yawancinsu ba su kai babi na gaba ba. Kujerar da nake zama a kai tasa ce, makaranta kuma ba ranar buɗewa. Abu mafi sauƙi shi ne in ce sanyi ya yi kyau, in hau mobilet ɗina. Har na fara lissafa yadda zan yi wa Baba jaje ran Litinin, na ga ina da kalmomin, masu kyau ma. Abin da na kasa lissafawa shi ne inda zan sa idona lokacin da zai rubuta kwanan wata a takardar sallamarsa da hannunsa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mu ɗan zauna."

Muka koma zaure. Na gaya masa abin da muka gani a ciki, da kore da farin da warin, da abin da mai gyara ya ce. Ya saurare ni har ƙarshe, yana murza carbi.

"Ruwa bai taɓa ta ba," in ji shi. "Buhu dai yat taɓa ta."

"Buhun ne jiƙe, ranka shi daɗe."

"Na matse."

"Ka matse, na gani da idona."

"Mushe, kana nuhin ni nik kashe ta?"

"Ba ta mutu ba. Kulawa ce tay yi mata yawa."

Gaskiya direkta ba mugun mutum ba ne. Wata biyu yana tashi da asuba yana yi wa wannan abu hidimar da ban tabbata ya taɓa yi wa wani ɗan Adam ba, yanzu wani malamin da ba shi da ko takardar ɗauka ya zo har zaurensa yana ce masa hidimar ce cutar.

"Wa yas sani?"

"Ni da mai gyara. Shi kuwa rijiya yake zargi."

Sai ya rage murya ya gaya mini inda abin ke yi masa ciwo. Tun ran Laraba da marece ya riga ya yi wa wani babba na jam'iyya alkawarin kujerar Baba, akwai ɗan babban da ya dawo daga Yamai da takardar ordinatar. A lokacin kowane direkta yana da wanda yake gaisarwa da hannu biyu, in gwamnati ta sake kuma ya nemi wani.

Na ce ai akwai doka a furoje: in za a kori ma'aikaci kan ɓarnar kaya, sai an aika kayan Yamai, masana su buɗe su rubuta abin da suka gani, su kuma tambayi inda kayan ke kwana. Ban san ko akwai wannan doka ba, har yau kuma ban bincika ba. Amma na faɗe ta da muryar da nake karanta shifta a aji, shi kuma mutum ne mai girmama doka, musamman wadda bai taɓa ji ba.

"To mi za a rubuta?"

"Danshi. Na iska. Yanayin wuri ne, ba laifin kowa."

Ya leƙa ƙofar zaure. Rana ta riga ta yi fari fat, wata akuya na laɓe a inuwar katanga tana haki. Ya tashi ya shiga gida, na jiyo ƙarar bokiti, ya dawo da na'urar tsirara, yana goge ta da bakin rigarsa. Ya ce in gai da gida.

Ran Lahadi na rubuta rahoton, shafi biyu. Ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Na kawo tururin da ke tashi daga tafkunan yanki, waɗanda a watan yara ƙwallo suke bugawa a cikinsu. Na kawo bambancin zafin rana da sanyin asuba, da yadda ƙarfe ke jan raɓa. Na kammala da cewa babu hannun ma'aikaci a ciki, ana kuma buƙatar ɓera ɗaya.

Litinin da safe na ajiye shi gaban Baba. Ya zo da rigarsa ta Juma'a, na kuma lura ya riga ya ɗaure butarsa da dardumarsa wuri ɗaya a gefen ƙofa. Ya gyara tabarau, ya sa takarda a inji, ya fara. Ya kai tsakiyar shafin farko sai ƙarar ta tsaya.

"Mushe, danshi?"

"Danshi, Baba."

"Tawa wagga da muke ciki, ko akwai wata?"

"Buga dai, Baba."

"Jiya na aje tuwo bisa katanga, kahin in wanke hannu ya zama dutsi." Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara ashirin da wani abu ina buga ƙaryar manya, ɗana, amma su sukan nemi wadda za a yarda da ita."

Na ce wannan ma za a yarda, masu karanta ta in sun zo Tawa cikin mota mai kilim suke zuwa, ba sa sauke gilashi. Ya ci gaba da bugu. Can, ba tare da ya ɗaga kai ba, ya ce a hankali, "Dama na daɗe ina jin warin buhu in na buɗe ta. Ba a dai tambaye ni ba."

Direkta ya fito daga ɗakinsa ya karɓi rahoton, ya karanta a tsaye, shafi biyun duka, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya daidaita alƙalami da gefen tebur.

"Baba, takardar nan ta ran Alhamis."

"Tana nan, Mushe Direkta. Saura kwanan wata."

"Kawo ta."

"Da na karbon?"

"Duka."

Ya ninke su huɗu ya sa aljihu. A bakin ƙofarsa ya waiwayo ya ce, "Amma ka riƙa sassauta hannu." Baba ya ce in sha Allahu, ya tashi ya kwance butarsa daga darduma ya mai da kowacce inda take zama.

Yadda direkta ya ƙare da babban jam'iyya ban sani ba, bai gaya mini ba. Bai dai yafe mini ba. Gaisuwarsa ta gajarce, da makaranta ta buɗe kuma bai ce in riƙa leƙowa ba. Baba ya ci gaba da zama a kujerarsa har lokacin ritayarsa ya yi.

Kafin in bar wurin amsa ta zo daga Yamai, cikin watan Mayu, a ranar da ko ƙadangaru ba sa fita. Ɗan kwali ne, a ciki akwai ɓera sabo, da wasu ƴan ƙulle-ƙulle na fararen ƙwayoyi masu shanye danshi, da wasiƙa. Sun yaba da ingancin rahoton. Sun ba da shawarar a nisanta na'urar daga bakin kogi, wanda Tawa ba ta da shi, a kuma riƙa rufe tagogi a lokutan aiki don kada damshin waje ya shigo.

Baba ne ke karɓar wasiƙu. Ya karanta sau biyu, ya buga mata hatimin isowa, ya tashi ya rufe tagogin biro ɗaya bayan ɗaya, har da na ɗakin direkta, daga waje. Wuta ta ɗauke tun safe, fanka a tsaye. Muka zauna zufa na bin bayanmu. Ba a yi minti goma ba direkta ya fito, rigarsa ta manne a jiki, yana tambayar wane mahaukaci ne ya rufe taga. Baba ya miƙe ya ba shi wasiƙar da hannu biyu.

Direkta ya karanta. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya koma ɗakinsa ya ja ƙofa. Tagogin suka yini a rufe har aka tashi.